Ranar da na kashe inji a gangaren dutse

Shekarun baya, wajen 2018, ina aikin kai wa mutane abinci a mashin a nan Dubai. Kafin nan shekara goma sha ɗaya na yi ina acaɓa a Kano, har aka hana. Boko ban yi nisa ba, amma mashin kam na san shi. Haka dai nake gani a lokacin.

Ina da aboki, bakanike ne a unguwar masu gyaran mota ta Ras Al Khor, shi ya yi mini hanyar zuwa ƙasar nan. Ɗaki ɗaya muke, gadonsa a ƙasa nawa a sama. Wani Bature da ke kawo masa gyara ya taɓa nuna masa bidiyon ƙasarsu: duwatsu kore shar, titi yana murɗewa kamar igiya, hagu da dama gonakin inabi layi-layi inda suke yin barasa. Tun ranar abokina ya ce sai ya zaga wurin nan a kan mashin kafin ya mutu.

Na ce, "Injiniya, kai da ko lemon gwangwani sai ka sa an karanta maka bayansa, me ya haɗa ka da ƙasar mashaya?"

Ya ce, "Inabin zan ci, su riƙe ruwan. Kai ai duniyarka daga Kurna zuwa Bata ce."

Shekara biyu ya yi yana haɗa wani ƙaton mashin da ya saya a mace. Kowane kusa da hannunsa ya ɗaura. Da ya tashi, ya yi masa takardu, ya ce kafin ƙasar Turawa bari mu gwada shi a dutsen Jais. Wata Juma'a ta lokacin sanyi muka yi asuba muka kama hanya.

Shi ya ja mu muka hau. A can sama iska na kaɗawa, ya buɗe jaka ya fito da fulas ɗin shayi da ledar inabi da ya saya a Al Rigga. Ya ɗaga ledar ya ce, "Ga dutse, ga inabi, saura gonar." Ban taɓa ganin sa yana dariya haka ba.

Da za mu sauko na ce ya ba ni mashin ɗin in ja mu. Bai miƙo makulli ba. Na ce, "Haba Malam, ni da na goyi buhun masara biyu da mai buhun?" Ya miƙo makulli, ya ce, "Yalla, mu je. Amma ka bar shi a giya ta biyu, injin ne zai riƙe mu. Wannan ba gadar Ƙofar Nassarawa ba ce." Na ce na ji.

Duk wanda ya yi acaɓa ya san abin da zan faɗa. In ka zo gangara, sai ka fitar da giya ka murɗe makulli, mashin ya gangara da kansa, ka huta da ƙona mai. Ba tunani ake yi ba, hannu ne ke yi. To mun ɗan sauko, na ga titi ya miƙe sumul, hannuna ya yi abin da ya saba. A ƙasar da ba mai kukan mai, ni ina tattalin cokali biyu.

Mashin ya yi shiru, ya fara gudu. Na dinga taka birki, kwana bayan kwana. Can na ji ƙauri. Na sake takawa, ƙafata ta tafi ƙasa kamar na taka tuwo. Ga kwana a gabanmu, bayanta rami. Na kwantar da mu wajen dutsen. Ni gwiwa da kafaɗa kawai na kuje. Shi hannunsa na dama ne ya shiga ƙarƙashin mashin.

A asibiti ɗan sanda ya zo yana tambayar yadda aka yi. Na san in aka rubuta ganganci, lasin ɗina ya tafi, kuma ba lasin ba aiki, ba aiki ba biza. Kafin in buɗe baki sai na ji abokina daga kan gado ya ce, "Birki ne. Ni na ɗaura shi, ban ɗaura daidai ba. Khalas, shi ke nan."

Na yi shiru. Wannan shirun shi ne abin da nake ba ku labari.

Kafin mako magana ta zaga Ras Al Khor, wai birkin Injiniya ya kusa kashe shi. Mutumin da ake layi a bakin garejinsa. Hannun ya warke a karkace, ba ya iya matse sifana. Bayan wata huɗu na raka shi filin jirgi, na ɗaukar masa jaka, ban ce komai ba. Na riƙa gaya wa kaina ai shi ma ya ɗauka birkin ne.

Sai bayan shekara biyu da na je hutu Kano na same shi a ɗan shagonsa, yana sayar da baƙin mai da tayoyin mashin. Muka gaisa, na zauna a benci, na ce, "Injiniya, ranar nan ba birkinka ba ne. Ni na kashe inji."

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ina bayanka fa, mutumina. Hannu na karye, ba kunne ba. Injin da na yi shekara biyu ina saurara, zai yi shiru ban ji ba?"

Na ce, "To me ya sa ka ɗora wa kanka?"

Ya ce, "Hannun ya riga ya tafi. Ka so mu dawo gida mu biyu?" Sai ya ɗan murmusa. "Abu ɗaya ne ya dame ni. Na zaci a filin jirgi za ka faɗa."

Ya ce ya yafe, kuma na san da gaske yake. Amma yafiyarsa ba ta miƙe hannun ba, ba ta kuma gyara sunansa a wurin waɗanda suka ji labarin birki ba. Da na dawo Dubai na bi garejojin ɗaya bayan ɗaya ina faɗin gaskiya, rabin mutanen sun canza, sauran sun manta da shi.

Kuskuren hannuna na minti ɗaya ne, wannan na iya cewa sabo ne. Na bakina shekara biyu ya yi, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa. Har yau ina kan mashin a titunan Deira. In oda ta zo da inabi a ciki, ba na leƙa ledar.