Bangon Kudu na Ɗakin Inna

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Hauwa, a hawa na bakwai na benen da har yau muke ciki a nan Jidda. Duk shekara idan watan ya kama, matata Rabi ce ke tuna mini, ta dafa shinkafa a kai masallaci, ni kuma in ce Allah ya jiƙanta in tafi aiki. Ban yi kuka ranar da ta rasu ba. Na ɗauka zai zo daga baya, idan baƙi sun watse, to har yanzu bai zo ba. Abin da ya rage mini shi ne lissafin bango huɗu na wani ɗaki, kuma shi nake so in ba masu karatu.

Inna tana yarinya aka zo da ita daga ƙasar Hausa, ta Sudan, yawancin tafiyar a ƙasa. A unguwar Hindawiyya ta nan Jidda ta yi aure, a nan ta haife ni, a wani gida mai ɗaki biyu da tsakar gida wadda ko tabarma uku ba ta ɗauka. Amma komai na gidan yana da dalilin zamansa inda yake. Tulun ruwa yana gefen arewa, inda iska mai sanyi ke shigowa, shi ya sa maƙwabta ke aikowa a sammusu ruwanmu. Ba a miƙe ƙafa gabas, don nan ce alƙibla. Ba a sa kan gado a bangon bayi. Ba a kwanciya ƙafa na kallon ƙofa, don a cewarta gawa kaɗai ake shimfiɗawa haka. Madubi kuwa ana rufe shi da zane idan an gama da shi. Ni ina jin waɗannan tun ina rarrafe, har suka zame mini kamar ƙarar fanka, ba na ma lura.

Akwai abu ɗaya da ya kamata wanda bai san mu ba ya sani. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunana, ba ta kallona ido da ido, ba ta kuma neman abu a wurina kai tsaye. Kunyar ɗan fari ce, ta zo da ita daga gida, teku bai wanke ta ba. Idan tana son abu, sai ta faɗa wa Rabi ina zaune, ko ta faɗa wa iska. "A ce wa wancan mutumin abinci na hucewa." Iyakar yadda take kirana ke nan.

Da kamfanin da nake wa tuƙi ya ba ni shaƙƙa a wannan bene, wato gidan sama mai ɗaki uku, kaina ya yi girma ba kaɗan ba. Ɗan Hindawiyya a hawa na bakwai, da asansir mai kai mutum sama ba wahalar matakala! Na zaɓar wa Inna ɗakin da ya fi iska. Na sayo mata dulab, babban akwatin tufafi na katako mai ƙofa uku da madubi a tsakiya. A rarrabe aka hau da shi, kafinta ya haɗa shi a cikin ɗakin, ya jingina shi da bangon kudu, ya kafe shi don kada ya rinjayo. Abokaina suka riƙa hawowa kallo. Gado kuma na sa shi inda ya samu wuri, kansa a bangon gabas.

Ranar da muka tare, ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana duban ɗakin. Ba ta ce ya yi kyau ba, ba ta ce bai yi ba. Na ji haushi, na kuwa ɓoye. Washegari Rabi ta tarar da gadon yadda ta gyara shi, Inna ta shimfiɗa tabarma a ɗan tsukin da ke tsakanin gado da ƙofa, kanta a jikin dulab.

Sati guda bayan haka, muna shan shayi, ta ce wa Rabi, "Da a ce bangon nan na kudu babu komai a jikinsa, da gado ya ji daɗi."

Na ce, "Insha Allahu ranar Juma'a, Inna."

Wanda ya fassara mini ɗakin ba Bahaushe ba ne. Wani dattijo ne mutumin ƙasar Sin, Ammi Yusuf, da ya zo aikin hajji tun yana matashi ya zauna, yana dafa abinci a wani gidan cin abinci kusa da tashar jiragen ruwa. A hawa na biyar yake. Wata rana asansir ya tsaya muka haɗu a matakala, muna hutawa na yi masa ƙorafin tsohuwar da ta ƙi gado. Bai yi dariya ba. Ya ce in nuna masa.

Bai shiga ɗakin ba, daga ƙofa ya tsaya yana nuni da yatsa, da Larabcinsa mai gutsuri-gutsuri. Ya ce a ƙasarsu akwai ilimin shirya gida da suke kira fan shuwi, ma'anarsa iska da ruwa, kuma ba bauta ba ce, sanin inda jiki ke samun natsuwa ne kawai. Ya ce gidan sama ya fi na ƙasa wuya, don mutum ba ya iya matsar da ƙofa ko ya haƙa wani abu, sai dai ya matsar da kayansa. Ya ƙwanƙwasa bangon gabas, muka ji ruwa na gudu a bututun bayi daidai inda kan gado yake. Ya nuna yadda ƙafar gadon ta miƙe sak zuwa ƙofa, da yadda madubi ke kallon mai kwanciya. Bangon arewa taga ce, ya ce babu mai barci da kyau alhali bayan kansa sarari ne hawa bakwai. Na yamma kuwa ni da kaina na san ƙafa za ta kalli alƙibla.

"Wahid bas," ya ce, wato ɗaya kawai, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya nuna dulab. "Bango ɗaya gare ka, ya waladi, ɗana, ka ba wa katako."

Inna tana baranda tana jin komai. Da ya tafi ta ce wa Rabi, "Wannan baƙo, uwarsa ta san gida." A iya sanina ba ta taɓa yabon wani namiji haka ba.

Da na ji kunya na gyara a ranar, da ba na wannan rubutu. Amma sai abin ya zame mini gardama. Na ce camfi ne, na Hausawa ya haɗu da na Sinawa. Na ce sai an nemo kafintan ya wargaza dulab ɗin, shi kuma kafintan ya koma Makka. Can ƙasan zuciyata kuma ina jira ne ta ce mini, ni, da bakinta, ko da sau ɗaya: ka matsar mini da shi. Na san ba za ta iya ba. Na san a wurinta abin da ta faɗa wa Rabi ya kai ihu. Duk da haka na riƙa lissafa shi a matsayin zancen shan shayi, tun da ba ni aka gaya wa ba.

Rabi ta rufe madubin da zane, ta rataya labule a ƙofa kamar yadda Ammi Yusuf ya ce a yi kafin a gyara, ta sa tukunyar ɗoɗɗoya a taga. Dulab dai ya fi ƙarfinta. Ta yi mini magana har ta gaji. Inna ta sake ambatar bangon sau biyu, duk ga Rabi, daga nan ba ta ƙara ba. Gwiwoyinta suka fara ciwo saboda sanyin daɓe, sai an kama ta take tashi.

Bayan la'asar ta rasu, a kan tabarmar, ina can unguwar masana'antu ta Jidda ina jiran a loda mota. Da na iso, matan da za su yi mata wanka suka ce ɗakin ya yi ƙunci, a rage kaya. Ni da Ammi Yusuf da wani maƙwabci muka leƙa bayan dulab. Ƙusa huɗu ce irin ta murɗawa. Muka kwance, muka tura shi falo ɗungurungum, ko ƙofarsa ba mu cire ba. Rabi ta ɗora ruwan zafi kafin mu fara, muka gama bai tafasa ba. Na tsaya ina kallon bangon, fentinsa sabo fil, ban ji komai ba. Ammi Yusuf bai dube ni ba, ya karkaɗe hannunsa ya fita.

Yanzu duk inda ka juya a Jidda bene ake ɗorawa kan bene, namu da ake zuwa kallo ya zama gajere. An toshe tagogi da na'urar sanyaya ɗaki, babu mai tambayar ta ina iska ke zuwa. Yaran unguwannin Nuzla da Hindawiyya burinsu su hau sama, ban kuma ga laifinsu ba. Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta ga wannan. Ina jin ba za ta zagi benen ba, don ba ta taɓa cewa a mayar da ita ƙasa ba. Za ta tsaya a ƙofa ne ta nemi bangon da ya dace, ta faɗa wa wanda ke kusa, ta jira.

Ilimin nata bai ɓata ba. Rabi ta riƙe shi, matan bene sukan kira ta idan sun tare ta nuna musu inda za su sa gado, kuma ba wanda ya taɓa cewa bai ji daɗin barci ba. Ni abin da ya rage a hannuna daban ne. Har yau tsofaffin unguwa idan sun gan ni sukan ce na yi wa uwata gata, na hau da ita sama kafin ta bar duniya, Allah ya ba ni masu yi mini. Ina amsawa da amin. Wata goma sha huɗu ta yi a gidana, ba ta kwana a gado ko sau ɗaya ba, kuma duk Juma'ar da ta wuce a cikinsu, abin kwance ƙusar yana cikin akwatin motata a ƙofar bene.