Sunan da Na Sa wa Gonar Getso

Shekarar da mai ya yi tsadar da hayar tarakta ta gagari mutum ɗaya, mu manoman Gwarzo da Kabo muka haɗa ƙungiya. Sakatarenmu abokina ne tun firamare, mutumin Kabo. Shi ya wuce kwalejin malamai, ni na tsaya a aji bakwai, shi ya sa duk abin da ya shafi rubutu shi nake bi.

Wani injiniya a Kano ya buɗe mana shafin intanet, daga baya ya ƙara masa abubuwa uku: wurin kama ranar tarakta, wurin sanar da taro, da taswirar gonaki. Abokina ya ce kafin a sakar wa jama'a sai an gwada, kuma gara a ba tsoho mai kan kwakwa irina, in na iya kowa ma ya iya. Muka yi dariya. Har raina na ji daɗi an tuna da ni.

Na ɗauki aikin da gaske. Na kama wa kaina tarakta ranar Juma'a da azahar, shafin ya karɓa, na ce a gyara, direba ma masallaci zai tafi. A wurin taro na sa aka ƙara layin da za a faɗi ɓangaren mata, don kada 'yan Hisba su zo su tashe mu. Saura taswira. Ita sai ka riƙe waya ka bi iyakar gona da ƙafa, wani ɗigo yana binka, in ka dawo inda ka fara ka rubuta sunan mai gona. Abokina ya ce mu fara da ta Getso.

Gonar nan ta ƙanwata ce, rabonta na gadon mahaifinmu. Da mijinta ya rasu 'ya'yanta ƙanana, ni na matsa mata ta ba abokina aro ya riƙa nomawa. Ta so a rubuta a gaban dagaci. Na yi mata faɗa, na ce abin kunya ne, takarda ba ta shiga tsakanina da shi. A wajenmu kuwa gona da sunan mai riƙe da fartanya ake kiranta, don haka da shekaru suka tura kowa gonar Malam yake cewa, wato abokina.

Na zagaya ta da hantsi, daga gindin ɗorawa zuwa kwari, na bi shingen aduwa na dawo. Da na zo kan suna na tsaya, na tambayi abokina.

"Wa zan sa?"

"Sa nawa mana, Alhaji, ai ni tarakta za ta zo wa. Gwaji ne, duk gogewa za a yi."

Na sa nasa.

Bayan damina biyu babban ɗan ƙanwata ya dawo daga birni da iyalinsa, aiki ya ƙare masa, ya nemi gonar uwarsa. Abokina ya ce bai san zancen aro ba. Na je Kabo har sau uku. A na ukun ya sa aka ce mini ba ya nan, ga takalminsa a bakin zaure.

Da ƙanwata ta kai ƙara kotun shari'a, sai abokina ya fito da takarda: taswirar gonar, sunansa a tsakiya, a ƙasa kuma sunan wanda ya zagaya ya tabbatar. Alƙali ya tambaye ni ko ni ne. Na ce ni ne, amma gwaji ne.

Abokina bai ko kalle ni ba. "Allah gafarta Malam, da ƙafarsa ya zagaya. Ba wanda ya riƙe masa hannu."

Dattawa biyu ne suka san aron, su kuma sun riga mu gidan gaskiya. Saura ni, ɗan'uwan mai ƙara, ga kuma rubutuna yana ƙaryata bakina. Aka ba shi rantsuwa. Na zuba masa ido, ya rantse. Gona ta zauna a hannunsa.

Muna fitowa na buɗe shafin, wai in gyara sunan ko da ba zai yi amfani ba. Ya ƙi shigar da ni, an cire lambata.

Da la'asar na shiga wurin ƙanwata. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa kamar kullum har da tambayar jikoki. Na buɗe baki zan roƙi gafara, ta riga ni.

"Yaya, ashe takarda tana shiga tsakaninku."

Ta ɗauki kwanon ruwan ta koma ɗaki.