Rabin Ƙarfen da Baba Ya Bar Mini

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran mahaifina, malamin injiniyoyi a jami'a, bayan gajeriyar jinya. Ni ce 'yarsa ta fari. Tela ce ni, karatuna bai yi nisa ba, don haka a yi mini uzuri idan rubutuna bai kai na ɗalibansa ba.

Baba, tun ranar ɗalibanka suke ta rubutu a kanka, kowa yana cewa "ubanmu". Ina karantawa, amma ba daɗi nake ji ba. Kishi ne. Ni na fara kiran ka Baba, amma su suka more ka.

Ina ƙarama gadar da ake tsallakawa da ƙafa a bayan kasuwa ta rufta da mutane, har da Mama. Aka kafa kwamiti, aka yi ta zama, aka watse ba a faɗi dalili ba. Kowa ya haƙura, ban da kai. Ka samo sandan ƙarfen da ke riƙe da gadar, mai kaurin damtse, wanda ya karye biyu. Rabi ka kai ɗakin gwaji, rabi ka naɗe a tsumma mai maiƙo ka ɗora saman kabad. Ka raba su ne don ka san halin mutane: duk wanda ya ga abu a karye, hannunsa na ƙaiƙayin ya haɗa. Kullum kana ce wa ɗalibai, "Bakin karaya shi ne mai ba da shaida. In kun goga su da juna, kun toshe masa baki."

Duk Asabar takalmansu sukan cika ƙofar falo. Ina jiyo dariyarka daga kicin, irin wadda ba ka cika yi da mu ba. Ka saya wa wata ɗaliba tabarau da ka lura tana matse ido, har sunan ya bi ta. Ka kwana asibiti da ɗalibinka Dogo lokacin da ya karya ƙafa. Ni kuwa rabona shi ne, "Uwata, ƙaro mana shayi." Sau ɗaya na same ka ni kaɗai, ranar da keken ɗinkina ya lalace. Ka zo shago, ka zauna a ƙasa da fararen kayanka, ka warware shi gaba ɗaya, kana tsokanata wai zaren da na cusa masa ya isa ɗinka tanti. Na so a ce kada keken ya gyaru.

A asibiti ma su suka kewaye gadon, ina bakin ƙofa riƙe da fulas. Ka tsara musu hanya: su duba bakin ƙarfen da sabuwar na'urar da aka kawo, su nemi tsofaffin masu waldan da suka yi aikin tun suna raye, su auna sauran gadojin da aka gina da irin ƙarfen. Ni abin da ka ce mini kawai, "Uwata, rabin na gida naki ne. Ke za ki yanke."

Da suka zo gaisuwa, Mai Tabarau ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, ba yanzu ba, amma gwajin ba zai cika da rabi ɗaya ba."

Na ce, "Kun cinye shi da rai, ƙarfen ma ba za ku bar mini ba?"

Dogo ya ce, "Yaya, har yanzu akwai irin gadar nan a tsaye."

Na sani, Baba. Ɗaya ma ita jikarka take hawa zuwa makaranta.

Jiya na ɗinka jaka biyu masu kauri, kowane rabi da tasa. Da hannuna zan kai musu, da sharaɗi ɗaya: ranar da suka gano abin da ya kashe Mama, ni za su fara faɗa wa, da kalmomin da zan gane, kafin su rubuta wa duniya.

Ina miƙa ta'aziyya ga ƙannena, da Gwaggo, da abokan aikinsa. Ku ma ɗalibai, na yi muku, don na ga kukanku ba na ganin ido ba ne. Allah Ya ba ku ikon ƙarasawa.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Ƙarfen nan ba zan bari a haɗa shi ba. Kai da Mama kuwa, Allah Ya haɗa ku a Aljanna. Amin.