Duwatsun da Baba Ya Kawo Mini

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙansa. Duk shekara ɗalibansa ne ke tunawa da shi a jarida, ni kuma in saya in karanta kamar kowa. Wannan karon na ga ya kamata 'yarsa ma ta ce wani abu.

Baba masanin duwatsu ne da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Shi ake kira ya nuna inda za a haƙa burtsatse, shi ke bin tsofaffin rijiyoyin Salaga yana zura igiya don ya ga yadda ruwa ke ja da baya. Mu kuwa muna Bawku, cikin zango, inda iyayen ƙawayena duk fatake ne. In sun dawo daga Togo ko Burkina, atamfa da takalma suke kawowa. Ni in Baba ya dawo, sai ya laluba aljihu ya miƙo mini dutse. "Ungo, Rabi." Shi ke nan. Inna ta ba ni wata tsohuwar langa ina zubawa a ciki.

A gida mutum ne mai shiru. Sai a zaman makokinsa na ji cewa yana da hira. Ɗalibansa suka cika mana gida suna ba da labarin yadda yake lasar dutse don ƙwayoyinsa su fito, yadda yake ba su dariya har direba ya tsayar da mota, yadda yake waƙa a hanyar Yendi. Ban taɓa jin ya yi waƙa ba. Kuma dukansu Baba suke ce masa. Ni kaɗai ya haifa. Na zauna cikin mata ina jin sunan da na ɗauka nawa ne yana yawo a bakin baƙi.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Hawa, 'yar Yendi, wadda na ɗan girme ta. Ita ta riƙe masa guduma shekara da shekaru. Ita ya gaya wa cewa ƙasar Salaga da Yendi a can da a ƙarƙashin ruwa take, kuma duwatsu ne shaida. Ni ban samu wannan labari daga bakinsa ba. Yau ita Dakta ce, tana koyarwa.

Hatsi nake sayarwa a kasuwa, don haka ba sai an gaya mini damina ta sauya ba. Ruwa ya makara, manomi ya yi shuka ta ƙone, sannan ruwan ya zo a haɗe ya kwashe gonakin bakin kogi wajen Zebilla. Na kan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga wannan. Sai in kunna rediyo in ji Hawa tana bayani irin nasa, har da yadda yake jan numfashi kafin ya faɗi magana mai nauyi. Ko tambayar da zan yi wa mahaifina a zuciyata, sai ta hannun wata nake samun amsarta.

Bayan Sallar bana Hawa ta zo gidana. Ita da abokan aikinta suna haɗa kayan aikin Baba a wani ɗaki don ɗalibai su riƙa gani. Na ba ta gudumarsa da igiyar rijiya ba tare da na ji komai ba, dama ta fi ni sanin su. Sai ta ce, "Yaya Rabi, an ce yakan kawo duwatsu gida."

Na ɗauko langar. In ta ce ilimi na bukatarsu, da wane baki zan hana? In kuma na ba ta, ba abin da ya rage mini.

Ta juye su a tabarma, ta ɗauko ɗan gilashinta tana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Can ta yi dariya.

"Yaya, waɗannan ba su da amfani a wurinmu."

"Kamar yaya ba su da amfani?"

"Tsakuwar rafi ce. Ruwa ne ya gangaro da su, ba a san asalinsu ba. Da ni na tsinto irin wannan, da Baba ya ce in mayar inda na ɗauko, ba wasan yara muka zo ba."

Sai ta tsaya a kan wani fari mai jan zane a tsakiya. Dariyar ta ɗauke.

"Wannan na san shi. Muna mota rana na dukanmu, shi yana tsugune cikin yashi, ya ɗauki wannan ya yar, ya ɗauki wancan ya yar. Da ya samo shi na ce ya ba ni. Ya ce yana da mai shi." Ta juya shi a tafin hannunta. "Har muka isa Yendi ban yi masa magana ba."

Ni ma na san dutsen. Shekarar da na yi doguwar jinya, bayan na girma, ya ajiye mini shi a gefen matashi, ya fita.

Ba zan ce kishin ya wuce ba. Burtsatsen da ya nuna suna ba mutane ruwa har yau, iliminsa yana bakin Hawa da ɗalibanta, kuma ita ta ji muryarsa yadda ban ji ba. Wannan ba abin da zai biya mini shi. Amma yanzu na san akwai lokacin da ya ajiye aiki, ya bar mutane suna jira a rana, yana neman abin da kyau kawai gare shi.

Kafin ta tafi na ce ta yi mini waƙar hanyar Yendi. Ta yi a bakin ƙofa, da Dagbanci, yaren mutanen Yendi. Da ta gama ta ce, "To, Yaya, ladan waƙa. Farin nan."

Na ce, "Dakta, ai ya gaya miki. Yana da mai shi."

Allah ya haskaka kabarinsa.