Motar Chindo da Saniyar Amana

Duk wanda ya girma a Gazawa ya san Chindo mai gyaran injin niƙa, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda hannunsa bai taɓa rabuwa da baƙin mai ba ko ranar salla. A ƙofar gidansa akwai wata ƴar ƙaramar motar Faransa da wani malamin lakol, wato makarantar boko, ya bar masa da aka yi masa canjin gari. Ta daɗe a mace. Kajin matarsa Asama'u ne ke ƙwai a kujerar baya.

Shekarar da fari ya yi tsanani, har ana kwance bunun ɗaki a bai wa dabbobi, sai ga Buba ya iso da ƙafa, leɓe duk a tsage. Buba Bafillace ne, abokin Chindo tun suna samari, shi ke kawo musu nono da damina. Ya sha ruwa, aka gama gaisuwa, sannan ya ce, "Kaɗo, Wule ta kwanta."

Wule saniya ce baƙa mai farin goshi, kuma ba ta Buba ba ce. Kawunsa Usmanu ne ya ba shi ita habbanaye, wato aron da Fulani ke yi wa juna: ka riƙe saniya ta haifa maka ƴaƴa, ƴaƴan naka ne, uwar kuma ka mayar wa mai ita. A wurinsu, gara naka duka su ƙare da a ce ta aro ta mutu a hannunka.

Chindo yana da dusa, don masu injin da dusa suke sallamarsa. Matsalar ita ce rugar tana can cikin jigawa, inda kamiyo, babbar motar kaya, ba ya shiga, shanun amalanke kuma sun zama ƙashi da fata. Ya dubi motar, ya ce, "Asama'u, kwashe ƙwanki."

"Malam, wannan gwangwanin? Kajina ma don ba su da wani wuri ne."

Ya yanke rufin baya, ya cire kujeru da ƙofofi, ya shimfiɗa katako. Ya samo ƙarafan bayan wata tsohuwar akori-kura ya ɗaga mata gindi, har ta koma kamar zakara mai shirin faɗa. Ya rage wa tayoyi iska don su baje a kan rairayi. Da injin ya yi tari ya tashi, maƙwabta suka fito suna dariya, wani ya tambaye shi ko ya bar wasiyya.

Da suka isa rugar, Chindo ya ga shanu uku kwance. Biyu na Buba ne, kuma ɗayarsu ta fi Wule sauran ƙarfi nesa ba kusa ba. Motar kuwa ɗaya kawai za ta iya ɗauka.

"Ɗan Fillo, mu ɗauki waccan ja. Ita ce za ta rayu."

Buba bai ko waiwaya ba. "Waccan tawa ce."

"Ai shi ya sa."

"Shi ya sa za ta jira."

Suka kama Wule, Buba a wutsiya, matarsa Kadi da sauran mutanen ruga a ƙafafu, aka ɗora ta. Nan kuma sabuwar rigima ta taso. Motar da ƙafafun gaba take ja, nauyin saniya ya danne baya, gaba ya ɗaga, tayoyi suna ta watsa rairayi a banza.

Chindo ya sosa ƙeya. "Hau kan hancinta ka zauna."

Haka suka shigo Gazawa da la'asar sakaliya: Buba zaune a kan murfin injin mai zafi, ya ba hanya baya, yana kallon Wule ta saman kan Chindo, yana yi mata magana da Fillanci a hankali kada ta firgita. Chindo yana leƙen hanya ta gefen haƙarƙarinsa yana cewa, "Matsa, kai ba gilashi ba ne."

Da suka koma washegari, jar ta riga ta mutu, ɗayar ma da suka ɗauko ba ta kai gari da rai ba. Wule kuwa ta zauna a gidan Chindo, kullum safiya su ɗaga ta ta tsaya, Asama'u na dama mata dusa da kanwa tana mita. Da ruwa ya sauka ta tafi da ƙafarta.

Ta haifa wa Buba ƴaƴa, ya mayar da ita ga Usmanu da ƙibarta. Bayan wasu shekaru ya zo ƙofar Chindo janye da karsana mai farin goshi, ya miƙa masa igiya.

"Habbanaye ce, Kaɗo. In ta kwanta, ka san hanya."

Chindo ya ɗaure ta a jikin motar, wadda tuni kajin Asama'u suka koma cikinta.