Hukuncin Fardos Bai Shiga Littafi Ba

Ustaz Mitwalli a matattakalar kotun Tanta, a ƙasar Masar, ya tsufa. Tun muna sababbin lauyoyi muke ofis ɗaya da shi, a saman shagon mai koshari, wato dafa-dukan shinkafa da taliya, har takardunmu ƙamshin soyayyar albasa suke yi. Shari'ar 'yan haya kawai ya iya, shi ya sa ban taɓa ganinsa da sabon takalmi ba.

Nasara ɗaya yake tinƙaho da ita. Wata Fardos ta yi shekara da shekaru tana jinyar gwaggonta a gidan haya. Tsohuwar na rasuwa, mai gida ya ce ta kwashe komatsanta. Mitwalli ya ja maganar har kotun ɗaukaka ƙara, alƙalai suka ce zaman jinya ma zama ne, ba mai korarta.

Sai dai ba a buga hukuncin a littattafan shari'a ba. Mu kuwa a nan, hukuncin da ba a buga ba a gidan shayi yake rayuwa, daga bakin wannan zuwa kunnen wancan. Mitwalli ya maimaita nasa har ya gundure mu. Yana shigowa za ka ji an ce, "Ga angon Fardos nan! A toshe masa baki da shayi."

Duk shekara in sabon littafi ya fito sai ya je ya duba. Ya dawo bai ga Fardos a ciki ba, ya rataye kwat ɗinsa.

Ana nan sai abin ya faɗo cikin gida. Ƙanwarsa Nabawiyya ta ƙare ƙuruciyarta tana jinyar kawunsu a gidan haya, ya rasu, magadan mai gida suka kai ƙara. Ba ta da inda za ta nufa.

"Yaya, za su fitar da ni?"

"Ina raye? Ke dai ki yi barcinki, Fardos na nan."

Na raka su kotu. Alƙalin sa'an ɗansa ne. Ya saurari Mitwalli da ladabi yana kawo hukuncin Fardos, sannan ya ce, "Wane littafi, Ustaz? Wane shafi?"

"Ba a buga ba, ranka ya daɗe. Amma ga kwafi da hatimi, ni na yi shari'ar."

"Zan karanta. Amma ka fi ni sani, alƙalan nan mace ɗaya suka yi wa hukunci, ba ƙasa suka kafa wa ƙa'ida ba."

Lauyan magada ya buɗe wani jibgegen littafi, ya karanto hukuncin babbar kotu: ɗan'uwa na nesa ba ya gadon haya, ko jinyar me ya yi. Tun kafin ya kai ƙarshe na ga leɓen Mitwalli na bin kalmomin. Shari'arsa ce ita ma, wadda ya faɗi, wadda bai taɓa ba da labarinta a gidan shayi ba. Ita aka zaɓa aka buga.

An ba magada gaskiya.

A matattakala Nabawiyya ta tsaya tana haki, ta dafa bango.

"Yaya, wancan na cikin littafi, wane sakaran lauya ne ya bari aka kayar da shi, ya ja mana?"

Ya dubi takalminsa.

"Ni ne," ya ce. "Gobe zan zo in taya ki ɗaure kaya."