Mai Tsinko Yaɗiya Ba Ta Ci

Na haihu a gidanmu na Bungudu a shekarar farin nan na farkon saba'inoni, da wankan jego ya yi nisa sai nono ya ɗauke. Jaririyata ta kama ta tsotsa, ta saki, ta yi kukan da ko sauti babu. Wallahi na gaji, har kallonta tsoro yake ba ni.

Innata ta san duk wani ganye mai nannaɗe shinge. Garafuni na ciwon ciki, ganyen idon zakara na tari, yaɗiya kuwa ita take ba mai jego don nono ya kawo. To, ina yaɗiyar? Mutane sun kwaɗanta sun cinye, abin da ya rage awaki sun ƙarasa. Kullum sai ta ɗaura zane ta nausa jejin wajen Rawayya, ta dawo da yamma ƙafa duk ƙaya, da ɗan ganyen da bai cika tafi ba.

Ta dafa, ta zuba a kunu, ta haɗa da ɗan tuwon da muka samu, rabona da nata, ta turo mini gaba.

"Inna, ke fa?"

"Ke dai ci. Wadda ta tsinko magani ba ta cin abincin da aka haɗa da shi, in ta ci ya karye."

Na yi ta mita, ni da ba a raba ni da tsiwa. Wace irin doka ce wannan, fisabilillahi? Amma na cinye, har da suɗe kwano. A hankali nono ya dawo, yarinya ta fara nauyi a hannu. Inna kuwa zanenta sai da ta riƙa zagaya shi sau biyu, na ce tafiyar jeji ce.

Bayan 'yan shekaru damina ta yi kyau, ƙanwata ta haihu a Tsafe, muka je. Na ga Inna ta tsinko yaɗiya a bayan gida, ta dafa, ta zauna suna ci kwano ɗaya da mai jego.

Na ce, "Haba Inna, za ki karya mata magani!"

Ta dube ni, ta ci gaba da tauna.

"Waccan doka ta shekarar fari ce," in ji ta.